MALAM-BUƊE-LITTAFI DA FAƊA-WUTA: Bambancinsu da Amfanin Saninsa

Kowace damina takardu su kan fito daga gundumomi suna cewa tsutsa ta faɗa wa gonaki, a taimaka da magani. Da yawa daga cikinsu iyakar abin da su ke faɗi ke nan. Ba su faɗin kamannin tsutsar, ba su faɗin shukar da ta ke ci, ba su kuwa faɗin irin ƙwaron da aka ga yana tashi a wurin kafin ta bayyana. Malamin gona da ya karɓi irin wannan takarda ba shi da hanyar da zai san ko abin na gaggawa ne, ko kuwa abin da zai wuce da kansa ne. In ya yi jinkiri, wataƙila masarar gari guda ta salwanta. In kuwa ya yi garaje, wataƙila a kashe kuɗin jama'a wajen fesa magani bisa tsutsar da ba ta cutar kowa, ko ma wadda waɗansu talakawa su ke samun abin masarufi da ita.

Saboda haka aka rubuta wannan ɗan littafi domin Hakimai da malamansu. Nufinmu shi ne mu bayyana bambancin da ke tsakanin ƙwari biyu waɗanda su ne iyayen tsutsotsin da ke cin ganye, watau malam-buɗe-littafi da faɗa-wuta. Mutane da yawa suna ɗaukarsu abu ɗaya, amma kama da wane ba ta wane. Wanda ya iya rarrabe su ya sami rabin amsar tambayar da malamin gona zai yi masa.

ASALINSU ƊAYA NE

Masana sun lasafta ƙwarin nan biyu cikin dangi ɗaya. Alamar dangin ita ce ɗan garin nan da ke maƙale wa mutum a yatsa in ya kama fiffikensu. In an duba garin da madubin da ke ƙara girman abu, sai a ga ƙananan ɓawo ne jere bisa juna kamar yadda a ke jera baibaya, su ne kuma ke ba fiffiken launi. Ire-iren dangin nan da aka riga aka rubuta sunayensu a duniya sun kai wajen 160,000. A ciki, malam-buɗe-littafi bai wuce iri 20,000 ba, sauran duka faɗa-wuta ne. Watau malam-buɗe-littafi ɗan ƙaramin reshe ne cikin babban gida. Duk da haka a Nijeriya kaɗai an sami fiye da iri 1,000 nasa, mafi yawansu a kurmin kudu.

Dukansu su kan bi mataki huɗu a rayuwarsu. Da fari ƙwai, sa'an nan tsutsa, sa'an nan wani hali da tsutsar ta kan daina ci, ta ƙanƙance, ta yi ɓawo, ta kwanta shiru. Wannan hali za mu kira shi kwanci a cikin littafin nan. Daga kwanci ne mai fiffike ya kan fito. Abin lura a nan shi ne, tsutsa ce kaɗai mai haƙoran tauna. Mai fiffike ba ya cin ganye ko kaɗan. Aikinsa shi ne ya nemi abokin aure, macen ta nemi shukar da 'ya'yanta za su ci, ta saka ƙwai a kanta. Ire-ire da yawa kuwa suna da shukarsu da suka sani, ba su barinta su koma wata sai wadda ta ke danginta.

MISALI BIYU DA KOWA ZAI IYA GANI

Domin kada bayani ya tsaya ga baki, mun zaɓi iri biyu da a ke samu a ƙasarmu, za mu gwada su da juna.

Na fari shi ne malam-buɗe-littafi na tumfafiya, wanda masana su ke kira Danaus chrysippus. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Linnaeus ya rubuta shi cikin littafinsa tun 1758. Ana samunsa ko'ina a Afirka, har ƙasashen Larabawa da Indiya. In ya buɗe fikafikansa faɗinsu ya kan kai inci 3. Na gaba ruwan goro ne, bakinsu baƙi da ratsin fari. Na baya kuwa, a nan Afirka ta Yamma, galibi farare ne da baƙin gefe. Duk inda tumfafiya ta ke, a kufai ko bakin hanya ko gonar da ta gaji, ba a rasa shi.

Na biyu shi ne babban faɗa-wuta na kaɗanya, wanda a ke kira Cirina. Wani Baturen Ingila mai suna Westwood ya fara rubuta irinsa a 1849. Ya fi na tumfafiya girma da kauri. Launinsa ruwan ƙasa ne mai haske, kamar busasshen ganye, da ɗan ɗigo mai duhu bisa kowane fiffike na baya. Ana samunsa inda kaɗanya ta ke da yawa, kamar ƙasar Nupe da ta Gwari da Borgu, har arewacin Gana da Burkina Faso. Mutane da yawa sun san tsutsarsa sarai, amma ba su taɓa sanin ita da babban ƙwaron nan da ke bugun fitila da farkon damina abu ɗaya ba ne.

ALAMU SHIDA NA BAMBANCI

1. Ƙahoni. Kowannensu yana da waɗansu 'yan zaruruwa biyu a goshi, waɗanda za mu kira ƙahoni, da su ya ke sansana abu. Na malam-buɗe-littafi sirara ne, dogaye, ƙarshensu da ɗan kauri kamar kan kulki. Na faɗa-wuta ba su da wannan kai. Ko dai su zama kamar zare mai tsini, ko kuwa su zama kamar gashin tsuntsu, da haƙora dama da hagu kamar mataji. Namijin na kaɗanya irin na biyun nan gare shi. Wannan alama ta fi dukan sauran tabbata, ita ya kamata a fara dubawa.

2. Zama. Malam-buɗe-littafi in ya sauka ya kan haɗa fikafikansa a tsaye bisa bayansa, ya riƙa buɗewa yana rufewa. Daga nan ne ya sami sunansa. Faɗa-wuta kuwa ya kan shimfiɗa nasa a kwance, ko ya lulluɓe bayansa da su kamar jinka, ya lafe a jikin itace ko bango ba ya motsi.

3. Lokacin tashi. Na tumfafiya ba ya tashi sai rana ta ɗumama jikinsa, ya wuni yana bin furanni, da la'asar sakaliya ya nemi wurin kwana. Na kaɗanya da dare ya ke fita. Jikinsa yana da gashi mai riƙe ɗumi, kafin ya tashi kuma ya kan karkaɗa fikafikansa har jikinsa ya yi zafi. Game da kewaya fitila da ya ke yi, wanda ya jawo masa suna, an daɗe ana zaton son wuta ya ke yi. A 2024 waɗansu masu bincike suka ɗauki hotunan ƙwari suna tashi da dare, suka gane cewa ɗabi'ar ƙwaro ce ya juya bayansa wajen da ya fi haske, gama a daji sama ce ta fi ƙasa haske ko da dare, da haka ya ke sanin sama da ƙasa. In ya zo kusa da fitila sai ya ba ta baya, ya yi ta kewayawa, ya kasa kuɓuta. Ashe ruɗewa ce, ba so ba.

4. Jiki. Jikin malam-buɗe-littafi siriri ne, sumul. Na faɗa-wuta kakkaura ne, mai gashi. Macen na kaɗanya ta fi nauyi ƙwarai, don tun fitowarta daga kwanci cikinta cike ya ke da ƙwai.

5. Ci. Na tumfafiya yana da dogon baki siriri wanda ya kan naɗe kamar gammo, in ya sauka bisa fure ya warware shi ya tsotsi ruwan zaƙi. Da ƙafafunsa ya ke ɗanɗana abu, da su kuma macen ta ke taɓa ganye ta tabbatar tumfafiya ce kafin ta saka ƙwai. Da ya ke yana ci, ya kan yi makonni a raye. Na kaɗanya kuwa ba shi da bakin da zai ci ko ya sha da shi. Kitsen da ya tara sa'ad da ya ke tsutsa shi ne guzurinsa duka, in ya ƙare ya mutu. Ba ya cika mako guda.

6. Tsare kai. Kowa ya san farin ruwan tumfafiya dafi ne. Tsutsar malam-buɗe-littafin nan tana ƙarama ta kan gatsa ganyen a kewaye, ruwan ya tsiyaye, sa'an nan ta ci tsakiyar. Dafin da ta haɗiya ba ya kashe ta, ta kan ajiye shi a jikinta har ta zama mai fiffike. Tsuntsun da ya kama shi ya kan ji ɗaci, wani lokaci har ya yi amai, daga ranar ba ya sāke kusantar mai irin wannan launi. Shi ya sa ya ke tashi a hankali, ƙasa-ƙasa, ba ya ɓuya. Launinsa gargaɗi ne. Akwai ma wani malam-buɗe-littafi dabam, marar dafi, wanda macensa ta ɗauko kamannin na tumfafiya sak, tsuntsaye suna ƙyale ta saboda rigar aro. Na kaɗanya ba shi da dafi, dabararsa ɓuya ce. Da rana ya kan saje da ɓawon itace, sai mai kaifin ido zai gan shi.

YADDA SU KE SAMUN JUNA

Malam-buɗe-littafi da ido ya ke neman mace, tun da da rana ya ke yawo. Faɗa-wuta kuwa a duhu ya ke, ga shi kwanakinsa kaɗan ne. Saboda haka macen ta kan zauna wuri ɗaya ta saki wani ƙanshi wanda hancin mutum ba ya ji, iska ta ɗauke shi. Namiji ya kan kama ƙanshin da ƙahoninsa masu kama da mataji, ya bi iska har ya iske ta.

A ƙarni na 19 wani malamin makaranta a Faransa mai suna Fabre ya ajiye macen wani babban faɗa-wuta, ɗan'uwan na kaɗanya, a ƙarƙashin murfin waya a ɗakinsa. A daren nan maza wajen 40 suka shigo gidan, cikin kwana 8 kuwa ya ƙidaya 150. A 1959 wani masani Bajamushe mai suna Butenandt ya ware ƙanshin daga jikin matan faɗa-wuta na siliki wajen 500,000, abin da ya samu duka bai kai nauyin ƙwayar dawa guda ba. Wannan bincike ya yi wa manoma amfani. Yanzu ana haɗa irin ƙanshin nan a masana'anta, a sa cikin tarko a rataya a gona. Mazan faɗa-wuta masu ɓarna su kan faɗa ciki, malamin gona ya ƙidaya su, ya san tsutsa tana tafe tun ba ta ƙyanƙyashe ba. In an kafa irin tarkon nan a gundumarku, a gargaɗi yara da makiyaya kada su taɓa shi.

WATA GUDA DA SHEKARA GUDA

Babban bambanci kuma yana wajen tsawon rayuwarsu. Macen na tumfafiya ta kan saka ƙwai ɗai ɗai a bayan ganye. Cikin kwana 3 zuwa 5 ya ƙyanƙyashe. Tsutsar mai ratsin fari da baƙi da rawaya ce, da waɗansu sirāran zaruruwa shida a bayanta. Ta kan yi mako biyu ko uku tana ci, tana sāke fata, sa'an nan ta rataye kanta da wutsiya a jikin reshe, kai ƙasa. Kwancinta a fili ya ke, kore ko ruwan hoda, da ɗigo-ɗigo kamar na zinariya. Bayan kamar kwana 10 ɓawon ya tsage, malam-buɗe-littafi ya fito. Daga ƙwai zuwa fiffike wajen wata guda ke nan. Tun da tumfafiya ba ta rasa ganye rani da damina, haihuwarsa ba ta yankewa.

Na kaɗanya sau ɗaya tak ya ke zuwa a shekara. Ya kan fito daga ƙasa da farkon damina, wajen watan Mayu ko Yuni. Macen ta kan saka ƙwai ɗaruruwa dunƙule wuri ɗaya a jikin ƙaramin reshe. Bayan kamar wata guda su ƙyanƙyashe, tsutsotsin su riƙa ci a gungu. In sun girma baƙaƙe ne da zānen rawaya da 'yan fararen gasu, tsawonsu ya kai na yatsa. Cikin mako shida su kan iya cinye ganyen itace guda ƙaf, har mai wucewa ya ji saukar kashinsu kamar yayyafi. Wajen watan Agusta su kan sauko, su tona ƙasa mai laushi a gindin itacen, su shige. Ba su saƙa wa kansu gida. A can su ke kwanci wata tara ko fiye, kamar yadda gaiwa ta kan yi a busasshen tafki, sai ruwan wata shekara ya tashe su.

Wannan ya nuna mana ƙa'ida mai amfani. Tsutsar malam-buɗe-littafi galibi a fili ta ke kwanci, a rataye. Ta faɗa-wuta kuwa ta kan ɓuya, ko cikin ƙasa, ko cikin kara, ko cikin gidan da ta saƙa da zare.

INDA ƘA'IDA TA KAN ƘI

Kada a dogara ga alama ɗaya. Girma ba shaida ba ne. A kurmin kudancin Nijeriya da Kamaru akwai malam-buɗe-littafi wanda faɗin fikafikansa ya kai inci 9, a ƙasashen Asiya akwai faɗa-wuta mai kusan inci 10, alhali faɗa-wutan da ke ɓata tumatir bai kai rabin inci ba. Launi ma ba shaida ba ne, gama akwai faɗa-wuta masu ado da ke yawo da rana tsaka, akwai kuma malam-buɗe-littafi mai ruwan ƙasa da ba ya fita sai almuru. Rashin baki kuma halin dangin na kaɗanya ne, ba na dukan faɗa-wuta ba. Waɗansu suna da dogon baki, suna shan ruwan fure da magariba. In alamu suka saɓa wa juna, a koma ga ƙahoni.

WANE NE MAI ƁARNA?

Ga dalilin da ya sa duk wannan bayani ya shafi mulkin ƙasa. Manyan tsutsotsin da ke ɓata amfanin gona a ƙasarmu, kusan dukansu 'ya'yan faɗa-wuta ne, kuma ƙanana ko matsakaita, masu launin toka, waɗanda ba wanda ya ke kula da su. Mai huda karan dawa, da mai huda karan gero, da mai sassaƙa zangarniyar gero, da mai shiga ƙwallon auduga, da mai huda kwanson wake, har da asu mai cin tufafi a adaka, duk faɗa-wuta ne iyayensu.

Biyu daga cikinsu baƙi ne. Tsutsar masara, wadda asalinta nahiyar Amurka ne, an fara ganinta a Afirka a farkon 2016, a kudu maso yammacin Nijeriya, cikin shekara biyu ta game mafi yawan ƙasashen Afirka. Uwarta tana iya tafiyar mil 60 a dare ɗaya in iska ta taimake ta, tana kuma iya saka ƙwai 1,000. Tsutsar ta kan shige cikin kunnen masara ta ɓuya, ta bar kashi kamar dussa. Ana gane ta da ɗigo huɗu baƙaƙe jere kamar kusurwoyin ɗaki kusa da wutsiyarta. Ta biyu ita ce tsutsar tumatir, wadda manoman Kano su ke kira sharon, asalinta Amurka ta Kudu. Ta kan shiga tsakanin fatar ganye, ta huda 'ya'yan. A 2016 ta yi ɓarna mai tsanani a Kano da Katsina da Jigawa da Kaduna, har Gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir cikin watan Mayu na shekarar.

Sanin inda faɗa-wuta ya ke kwanci shi ne sanin inda za a tare shi. Mai huda karan dawa a cikin busasshen kara ta ke cin rani. Karan da aka tara a tsaye a inuwa, ko aka yi danga da shi ɗanye, shi ya ke kai ta wata damina. Binciken da aka yi a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ya nuna in an babbake kara sama-sama bayan girbi mafi yawan tsutsar ta kan mutu, karan kuma bai lalace ga danga ko jinka ba. Haka kuma tuge itacen auduga a ƙone bayan an gama tsinka ya kan yanke wa tsutsar auduga abinci.

Malam-buɗe-littafi masu ɓarna kaɗan ne. Wanda ya fi shafar mu shi ne babban nan baƙi mai ɗigon rawaya da ke kewaya lemo. Tsutsarsa tana ƙarama kamar kashin tsuntsu ta ke, in ta girma ta zama koriya, in an taɓa ta ta fid da ɗan ƙaho mai wari. Tana iya tsiraita dashen lemo, amma babban itace ba ya jin ta, tsincewa da hannu kuwa ya isa. Na tumfafiya ba ya taɓa hatsi ko wake ko auduga. In talakawa suka ga ya yi yawa a gefen gona suka tsorata, a kwantar musu da hankali.

WANE NE MAI AMFANI?

Kada kuma a ce duk faɗa-wuta abokin gāba ne. Zaren tsamiya, wanda a ke yi wa manyan riguna aiki da shi, tsutsar wani faɗa-wuta ce ta ke saƙa shi. Tsutsotsin su kan taru da yawa su saƙa gida ɗaya su yi kwanci a ciki, waɗansu iri ganyen tsamiya su ke ci, waɗansu na doka. A kan dafa gidan da ruwan toka, a wanke, a kaɗa. Yarabawa ma da shi su ke saƙa tufar da su ke kira sanyan. Silikin ƙasar Sin kuma daga wani faɗa-wuta ya ke fitowa. Masu dogon bakin nan da ke fita da magariba su ne ke kai garin fure daga namijin gwanda zuwa mace, ta yi 'ya'ya.

Tsutsar kaɗanya kanta abin ciniki ce. Nufawa suna kiranta manimani, mutanen Bobo-Dioulasso a Burkina Faso suna ce mata shitumu. Mata su kan fita da asuba su tsince ta sa'ad da ta ke saukowa, su tafasa, su shanya, su kai kasuwa. Fiye da rabin nauyin busasshiyar sinadarin gina jiki ne irin wanda a ke samu a nama da kifi, tana kuwa zuwa ne a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Kaɗanyar da aka cinye wa ganye ta kan sāke toho bayan 'yan makonni, kashin tsutsar kuma taki ne ga gonar da ke ƙarƙashinta. Hakimin da ke da masu wannan sana'a a ƙasarsa, ko shi ba ya ci, haƙƙinsu yana wuyansa. In aka fesa wa kaɗanya magani, ba abincinsu kaɗai aka ɓata ba, ana iya sa wa masu ci guba. Maganin feshi kuma ba ya zaɓe, yana kashe ƙudan zuma da ƙananan zanzaro masu kashe tsutsar gona.

ABIN DA A KE SO A YI

In Dagaci ko Mai Unguwa ya kawo labarin tsutsa, a aika malami ya gani da idonsa, gama gani ya kori ji. Takardar da za a aika wa ofishin aikin gona na Ƙaramar Hukuma ta ƙunshi waɗannan:

1. Sunan ƙauye, da ranar da aka fara ganin tsutsar.

2. Shukar da ta ke ci, da girman shukar, da wurin da ta ke ci: ganye ne, ko kara, ko zangarniya, ko 'ya'ya.

3. Launinta da tsawonta, da ko tana da gashi kamar gizaka, da ko a gungu ta ke ko ɗai ɗai.

4. Yawan gonakin da ta shiga. A kowace gona malami ya duba shuka 20 daga wurare dabam dabam, ya rubuta nawa ne suka kamu.

5. Irin mai fiffiken da a ke gani. In an rataya farin zane kusa da fitila da dare a bakin gona, faɗa-wuta za su sauka a kansa. A rubuta ko iri ɗaya ne ya fi yawa.

6. Samfur. A sa tsutsa biyar ko shida cikin kwalba tare da ganyen da su ke ci, a rufe bakin da ƙyalle. Mai fiffike kuwa a sa shi cikin takarda a ninke, kada a murje garin fiffikensa. In akwai waya mai ɗaukar hoto, a ajiye tsinken ashana kusa da tsutsar a ɗauka, don a gane girmanta.

In ana shakkar ko tsutsa ta wane ce, a zuba ƙasa mai danshi kamar inci 2 a gindin kwalba, a tsaida ɗan tsinke a ciki, a riƙa sāke mata ganye kullum. In ta hau tsinken ta rataye, ta malam-buɗe-littafi ce. In ta nutse cikin ƙasa ko ta naɗe kanta da zare, ta faɗa-wuta ce. Ya kamata a nuna wa 'yan makaranta wannan, don su ne manoman gobe. Amma in masara ce ko tumatir ko auduga ta kamu, kada a jira ƙarshen gwaji, a aika da labari a ranar. Tsutsa tana ƙarama a ke cin ƙarfinta, in ta shige cikin kara ko 'ya'ya magani ba ya iske ta. A kuma hana manoma sayen maganin da ba shi da takardar shaida a jikinsa, ko fesa shi ba da shawarar malamin gona ba.

Muna roƙon Hakimai su sa a karanta wannan littafi a gaban Dagatai da Masu Unguwa da sarakunan noma kafin shuka, a kuma ajiye shi a ofis inda malami zai same shi in bukata ta taso. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana amfanin gonakinmu, amin.